Ƙarin da Aka Raina Tun 1907

A shekarar 1907 wani masanin cututtuka a Jamus, Siegfried Oberndorfer, ya bayyana wani ɗan ƙari da ke tsirowa a ƙaramin hanji. Ya raɗa masa suna karsinoyid, wato mai kama da ciwon daji, bisa zaton ba ya cutarwa. A 1929 ya janye zatonsa, domin ya ga ƙarin yana bazuwa. Amma sunan ya riga ya zauna, kuma a ganina shi ya sa aka daɗe ana raina cutar.

Ka sani, mai karatu, yawan ɓarnar ƙarin nan tana cikin abin da yake zubawa a jini. A 1953 Fred Lembeck ya gano sinadarin serotonin a cikinsa. Shekara guda bayan haka likitoci a Suwidin suka tattara alamominsa: fuska ta ɗau zafi ta yi ja farat ɗaya, gudawa mai naci, shessheƙar numfashi, da taurarewar ƙofofin zuciya na ɓangaren dama. Galibi sai ya kai hanta alamomin ke bayyana. A fata mai duhu, jan ba ya fitowa sosai. Zafin za ka ji.

Magani ya jinkirta. Sai a 1988 Amurka ta amince da allurar octreotide, wadda ke danne zubar sinadaran, ko da yake tana iya haifar da tsakuwar matsarmama.

Idan gudawa da zafin fuska suka daɗe tare, kada ka tsaya ga maganin kemis. Tambayi likita game da gwajin fitsarin awa 24, mai suna 5-HIAA. Za a hana ka ayaba da abarba kafin a yi shi.