Tarihin Binciken Sinadaran Warware Guba a Jiki da Dangantakarsu da Sankarar Kaluluwa

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun wata tambaya da ta daɗe tana damun masana. Me ya sa manoma biyu za su shekara ashirin suna feshin magani iri ɗaya, ɗaya ya kamu da sankarar kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma, ɗayan kuwa ya tsufa lafiya lau?

Daga tarin fuka maganar ta faro. A shekarar 1960 Evans da abokan aikinsa suka nuna cewa hantar wasu mutane tana sarrafa maganin isoniazid da sauri, ta wasu kuwa a hankali, kuma gadon wannan hali ake yi. Shekara ɗaya bayan haka Booth da Boyland da Sims suka gano sinadarin GST a hantar ɓera a birnin Landan. Aikinsa shi ne ya ɗaura wa guba wani abu da zai sa ta narke, jiki ya fitar da ita ta fitsari ko ta maɗaciya. Sai a 1988 aka tabbatar cewa kusan rabin Turawa ba su da ƙwayar gadon GSTM1 sam, a 1994 kuma aka ga irin wannan rashi a GSTT1.

A ɗaya ɓangaren, binciken Hardell a ƙasar Suwidin a 1981, da wanda aka yi kan manoman Kansas ta Amurka a 1986, sun alaƙanta wannan sankara da maganin kashe ciyawa. Nan da nan aka haɗa biyun: wanda ya gaji raunin warware guba, shi ne zai fi kamuwa.

Hasashen yana da daɗin ji, amma sakamako bai zo baki ɗaya ba. Wani bincike ya ga ƙaruwar haɗari kaɗan, wani bai ga komai ba. A ganina dalilin a fili yake: marasa lafiyar da aka auna ba su da yawa, sa'an nan limfoma iri-iri ce, an cusa su buhu guda. Da aka soma duba ƙwayoyin gado gaba ɗayansu daga 2009, alamar da ta fi ƙarfi ta fito ne a kuromosom na 6, wurin da ke kula da garkuwar jiki.

Mu a nan wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Sankarar muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, wadda asibitocin Nijeriya suka sani sarai, an danganta ta ne da zazzaɓin cizon sauro da ƙwayar cutar da Epstein da Barr da Achong suka gano a 1964.