Tarihin Askin Dabino

Larabawa su kan ce dabino itace ne mai son ƙafarsa cikin ruwa, kansa cikin wuta. Gaskiya ne, amma akwai abu na uku da ya ke bukata, watau hannun mutum. Dabinon da aka bari ya yi ta kansa, busassun rassa su kan lulluɓe shi, 'ya'yan gindi su kewaye shi, ƙaya ta hana kowa kusantarsa, abin da zai haifa kuwa bai taka kara ya karya ba. Saboda haka tun da aka fara dasa shi a lambu, yau fiye da shekara 5,000, aka fara hawansa da igiya da lauje ana yi masa aski.

Ƙasar da aka fi sanin tarihin wannan aiki ita ce wadda a ke kira Iraƙi yanzu. Can aka yi wani sarki a birnin Babila, sunansa Hammurabi, wanda ya rasu wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya sa aka sassaƙa dokokinsa a jikin wani baƙin dutse, aka tono dutsen a 1901. Cikin dokokin nan har da na lambun dabino. Wanda aka ba fili ya dasa, zai yi shekara 4 yana wahala, a ta biyar su raba daidai da mai fili. Wanda aka ba lambu ya lura da shi, in an sare dabino sai ya kasa uku, ya ba mai lambu kashi 2, ya ɗauki 1. In ya yi sakaci har amfanin ya ragu, sai a dubi abin da maƙwabcinsa ya samu, a sa ya biya gwargwadon haka. Wanda kuwa ya sare itace a lambun wani ba da izini ba, tararsa azurfa ce mai yawa.

Me ya sa sarki ya damu da wannan? Domin aikin yana da wuya, kuma ba ya jiran kowa. Dabino akwai namiji akwai mace, macen ce ke haihuwa. In ta yi fure, sai mai lambu ya yanko furen namiji, ya hau ya ɗaura shi cikin nata, watau ya aurar da ita. Ta wannan hanya namiji 1 ya ishi mata kamar 50. To, amma gindin kowane reshe cike ya ke da ƙaya mai tsini kamar basilla, wata ta fi yatsa tsawo. Dole a fara sare busassun rassa, a fiƙe ƙayar ɗanyun, kāna a sami hanyar kaiwa ga fure. Ashe aski shi ne mabuɗin sauran aiki duka.

Abin da aka saro kuma ba ya zama shara. Sa'ad da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira zuwa Madina a shekarar 622, da kututturen dabino aka yi ginshiƙan masallacinsa, da rassan aka yi rufi. A kan faffaɗan gindin reshen ma aka rubuta waɗansu ayoyin Alƙur'ani, daga nan Zaidu ɗan Sabitu ya tattara su zamanin halifancin Abubakar. Har wa yau mutanen hamada da rassan nan su ke shinge da tabarma da kwando, zaren da ke naɗe a wuyan itacen su tufka igiya.

Haka aikin ya ke a garuruwan dabino na Sahara, har da waɗanda Hausawa suka sani. Dabinon da ayarin Buzaye ke ɗaukowa tare da gishiri daga Fachi da Bilma, da na lambunan Ingal da Timiya a ƙasar Agadas, duk sai da wani ya hau ya sha ƙaya kafin ya iso kasuwar Kano ko Damagaram. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Amma aski yana da iyaka, mutanen da kuwa sun san ta. Dabino ba kamar darbejiya ba ne, wadda in an datse ta sai ta sake toho ta ko'ina. Zuciya ɗaya tak gare shi, can ƙoli tsakiyar rassa, daga nan kowane sabon reshe ke fitowa. In wuƙa ta taɓa ta, itacen ya mutu ke nan, ko da shekararsa 80. Sa'an nan rassan da ya ke fitarwa a shekara ba su cika wuce 20 ba, kuma kowane kan yi shekara 3 ko fiye yana ciyad da itacen kafin ya bushe. Masana aikin gona da suka auna a zamanin nan sun tarar kowane nonon dabino yana bukatar ɗanyun rassa kamar 8 zuwa 10 kafin 'ya'yansa su yi ƙiba su yi zaƙi. Wanda ya aske ɗanyen reshe don lambunsa ya yi kyaun gani, abincinsa na baɗi ya yanke.

Daga baya wani dalili ya ƙaru. Wajen 1985 wani jan ƙwaro daga ƙasashen Asiya ya shiga lambunan Larabawa na bakin Tekun Fasha, a 1992 aka gan shi a Masar. Ƙwaron nan warin sabon rauni ya ke bi. Macen ta kan saka ƙwai inda aka yanke ɗanyen reshe, tsutsotsin su yi ta cin itacen ta ciki, mai lambu bai sani ba, sai ran nan ya ga kan ya karye ya faɗo. Ya kashe dabino da yawa ƙwarai. Saboda shi aka koma yin aski da sanyi, sa'ad da ƙwaron ba ya yawo sosai, a kuma shafa magani a kan raunin nan da nan.

Daga zamanin Hammurabi zuwa yau kayan aiki sun sake. A manyan gonakin Amurka da na ƙasashen Larabawa har da mota mai tsani a ke ɗaga ma'aikaci zuwa ƙoli. Amma ƙa'idar tana nan yadda masu lambun Babila suka bar ta: a sare busasshe, a fiƙe ƙaya, a ƙyale ɗanye, kada wuƙa ta kusanci zuciya. Wanda ya kiyaye wannan, dabinon da ya dasa da ƙuruciya zai ciyad da shi, ya ciyad da 'ya'yansa, har jikokinsa su buɗe baki da shi.