Kalmar da ta koma lamba

A 1982 aka fitar da kwamfutar Commodore 64 a Amurka. Ƙwaƙwalwarta ƴar mitsitsiya ce, wurin shirin BASIC bai kai bayit 39,000 ba. Don tsimi, in ka rubuta PRINT ba ta ajiye haruffa biyar, sai lamba guda, 153. In ka buga LIST, ta duba jadawalinta ta maido maka kalmar. Da wannan jadawalin ake tono tsofaffin shirye-shirye daga kaset har yau.

To amma fa, wanda ya rubuta "?" don gaggawa a madadin PRINT, shi ma PRINT za a maido masa. Ma'ana ta tsira, salon mai ita ya ɓace. Ni mai kwafar hirar tsofaffi cikin daidaitacciyar Hausa, wallahi jikina ya yi sanyi.