Ariyas ɗin da ya ci rayuka 21 a Inugu

'Yan uwa mazauna Inugu, da yawanmu muna wuce gunkin masu haƙar kwal da ke shataletalen New Market ba tare da mun tambayi dalilin kafa shi ba. Asalin labarin rigimar albashi ce, irin wadda ma'aikatan yau suka sani sarai.

An gano kwal a yankin Udi a 1909, kuma a 1916 layin dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal. Da wannan kwal ɗin jiragen ƙasan Nijeriya suke tafiya, har da masu ɗauko gyaɗa daga Kano, saboda haka gwamnatin Turawa, wadda ita ce mai mahaƙar, ba ta wasa da duk abin da zai tsayar da aiki.

Ga inda matsalar take. Shekaru da dama hukumar mahaƙar tana ajiye leburori fiye da waɗanda take buƙata. Mutum zai yi sammako ya zo bakin rami, in babu sunansa a jerin masu aikin ranar sai ya koma gida hannu rabbana. Daga baya aka hana wannan tsari, ma'aikata kuma suka ce to, a biya su ranakun da suka yi asara. Suna kuma neman ƙarin albashi. Ƙungiyarsu, wadda Okwudili Ojiyi yake wa sakatare, ta kai kuka, hukuma ta ce ba a bin ta komai.

A farkon Nuwamba 1949 ma'aikata suka fara yi wa aiki tafiyar hawainiya: suna zuwa, amma kwal kaɗan ke fitowa. Hukuma ta mayar da martani da korar masu saran kwal, su kuma suka zauna a mahaƙar suka ƙi fita, don gudun a rufe ƙofa a ɗauki wasu a madadinsu.

Ranar 18 ga Nuwamba aka turo 'yan sanda mahaƙar Iva Valley su kwashe nakiyoyin da ake fasa dutse da su, wai kada su faɗa hannun 'yan siyasa masu zafin ra'ayi. Ma'aikata kuwa sun ɗauka kwashe nakiya alama ce ta rufe mahaƙar, sai suka taru. Babu mai bindiga a cikinsu. Baturen ɗan sanda F. S. Philip ya ba da umurnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni.

Tarzoma ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Onica da Kalaba. A Legas 'yan siyasar da ba sa ga maciji da juna suka haɗu a kwamiti ɗaya, abin da ba a saba gani ba. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Fitzgerald, wanda ya ce Philip ya yi kuskuren yanke shawara, ya kuma ɗora wa Ojiyi nasa kason laifin.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, maganar ariyas magana ce ta lissafi. Akwai rajistar sunaye, akwai littafin biya. Da an zauna da wakilan ƙungiya an buɗe littattafan, an nuna wa kowa kwanakinsa da kuɗinsa, da ko an gano bashin ko an gamsar da su cewa babu shi. Amma manajoji Turawa na ganin zama teburi ɗaya da lebura ƙasƙanci ne, shi ya sa jita-jitar cewa an ɓoye wasu maƙudan kuɗi ta samu wurin zama. Kuma kiran harbin mutanen da ba su riƙe da makami "kuskure", wannan kam an sassauta harshe da yawa. Philip bai taɓa gurfana gaban kotu kan wannan harbi ba.