Sadarwar kwamfuta a zangon rediyon sha'awa: yadda take aiki da iyakar da doka ta yi mata a Najeriya

Rediyon sha'awa fanni ne na sadarwa da dokokin duniya suka keɓe wa mutanen da ke koyon fasahar rediyo don kansu, suna gwaje-gwaje suna magana da juna, ba da nufin neman riba ba. Duk wanda ya sami lasisi ana ba shi lambar kira. Ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Jamhuriyar Nijar da 5U. An fi sanin ma'abota fannin da hira ta murya a gajeren zango, inda mutum zai zauna a ɗakinsa ya gaisa da wani a wata nahiya. To amma tun farkon shekarun 2000 wasu daga cikinsu suka koma haɗa kwamfutoci ta iska, a zangon da igiyoyinsa ba su wuce 'yan santimita ba. Abin da suke ginawa yana kama da ƙaramar intanet mai zaman kanta, wadda ke ɗaukar rubutu da hoto da murya da bidiyo tsakanin unguwanni ko garuruwa, ko da layukan kamfanonin waya sun ɗauke.

Asalin fasahar

Aika bayanan kwamfuta ta rediyon sha'awa ya faro ne a Kanada a 1978. Na'urorin da suka yaɗu a shekarun 1980 suna aika ɗigon bayani 1,200 a daƙiƙa, gudun da zai sa hoto mai nauyin megabait ɗaya ya ɗauki kusan awa biyu kafin ya isa. Duk da wannan tafiyar hawainiya, a 1981 an keɓe wa 'yan rediyon sha'awa adireshin intanet sama da miliyan 16, dukkansu masu farawa da lamba 44, a lokacin da kusan ba wanda ya san darajarsu. A 2019 gidauniyar ARDC da ke kula da su ta sayar wa kamfanin Amazon kashi ɗaya cikin huɗu a kan dala sama da miliyan 100, kuma daga wannan dukiya take ba da tallafi ga ayyukan rediyo da karatun fasaha.

Sauyin gaske ya zo ne da arahar na'urorin Wi-Fi. Wani ɓangare na zangon gigahaz 2.4 da Wi-Fi ke amfani da shi ya faɗo cikin yankin da aka yarje wa rediyon sha'awa, haka ma a gigahaz 5. Sai masu lasisi suka ga cewa rautar da ake sayarwa a kasuwa, in aka sauya mata manhaja aka ɗaura mata eriya mai tattara ƙarfi wuri guda, za ta iya kai bayani kilomita da dama da gudun megabit goma-goma a daƙiƙa. Hoton nan da ke cin awa biyu sai ya koma ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ƙungiyar 'yan rediyon sha'awa ta Amurka, ARRL, ta kafa kwamiti a kan batun a 2001. Daga baya wasu a Austin ta jihar Texas suka fitar da manhajar da ake ɗora wa rautar Linksys WRT54G, kuma a 2015 aka kafa shirin AREDN, wanda manhajarsa ke aiki a na'urorin Ubiquiti da MikroTik da TP-Link. Turai ta bi tata hanyar da HAMNET, wadda ta fi ƙarfi a Jamus da Ostiriya, tashoshinta a kan duwatsu da dogayen gine-gine.

Yadda ake haɗa ta

Kowace tasha abu uku ce: na'urar rediyo, eriya, da wutar da za ta riƙe su. A tsarin AREDN tashoshin suna gano junansu da kansu, kowace tana karɓar saƙo ta miƙa wa ta gaba, kamar saƙar raga. Idan ɗaya ta mutu, saƙon ya nemi wata hanya, muddin akwai ta. A kan wannan raga ake ɗora abin da ake bukata: wayar tarho ta cikin gida, akwatin saƙonni, taswira, ko kyamara.

Sharaɗi mafi tsauri shi ne eriyoyin biyu su ga juna. Igiyar gigahaz 2.4 tsawonta santimita 12 da rabi ne, ta gigahaz 5.8 kusan santimita 5. Irin waɗannan ba sa zagaye dutse, ba sa dawowa daga sararin sama kamar na gajeren zango, kuma ganye mai ruwa yana shanye su. Ganin juna da ido ma bai wadatar ba, domin igiyar tana bukatar sarari a kewayen layin da ya haɗa eriyoyin, sarari mai siffar ƙwai wanda ya fi faɗi a tsakiyar hanya. A tazarar kilomita 10, a gigahaz 5.8, wannan sarari yana kai kimanin mita 11 ta kowane gefe a tsakiya. A gigahaz 2.4 yana kusan mita 18. Injiniyoyi suna neman aƙalla kashi 60 cikin 100 nasa ya kasance babu komai a ciki. Inda aka sami tsayi, nisan da ake cimma yana da ban mamaki: a 2007 Ermanno Pietrosemoli da abokan aikinsa sun haɗa duwatsu biyu a Benezuwela da na'urorin Wi-Fi a tazarar kilomita 382.

Idan aka auna da Tudun Fulani

Tudun Fulani unguwa ce a ƙaramar hukumar Bosso, a gefen arewacin Minna, kusa da tsohon matsugunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983. Babban matsugunin jami'ar yana Gidan Kwano, a kan hanyar Bida, can ɗaya ɓangaren garin. Wannan shimfiɗa ta sa wurin ya dace da misali: ga ɗaliban injiniya a kusa, ga wurare biyu da gari ya raba, ga duwatsu irin na Paida da ke iya zama ko dai shinge ko matakala.

Sunan unguwar ya ce tudu ce, amma igiyar rediyo ba ta bin suna, sai an auna. Mai son haɗa Tudun Fulani da Gidan Kwano, ko da Chanchaga, zai fara da taswirar tsayin ƙasa, ya zana layi tsakanin wuraren biyu ya ga abin da ya tsaya a kai. In dutse ne, sai a sa tasha ta uku a bisansa, shingen ya koma gada. Bishiya ta fi dutse yaudara. Hanyar da aka gwada a watan Fabrairu ta yi kyau tana iya raunana a watan Agusta, lokacin da itatuwa suka cika da ganye mai laima. Mangwaro da darbejiya kuwa suna ƙara tsawo kowace shekara. Ruwan sama shi kansa ba ya cutar da gigahaz 2.4 da 5.8 sosai, sai an haura zuwa gigahaz 10 yake fara cin ƙarfin igiya. Abin tsoro a daminar Minna, wadda ke kamawa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, shi ne tsawa da iskar farkon damina. Ƙarfen da aka kafa a wuri mafi tsayi shi aradu ke fara samu, don haka sandar kare tsawa da wayar da aka binne a ƙasa suna cikin kayan farko da ake saye, kafin ma rediyon.

Wuta ba ta da yawa, amma tilas ta ɗore. Na'ura ɗaya tana cin abin da bai wuce wat 10 ba. Mai cin wat 8 za ta sha kusan wat-awa 190 a yini da kwana, abin da faifan sola ɗaya da batir mai kyau za su ɗauka. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, duk da haka tashar da aka gina don ranar da komai ya tsaya ba za a jingina ta da wutar gwamnati ba. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe kwanaki cikin duhu bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta sami wani babban layin.

Abin da Kafanchan ta gani

Aikin da ya fi kusa da wannan a Arewacin Najeriya shi ne na Gidauniyar Fantsuam a Kafanchan, jihar Kaduna. A tsakiyar shekarun 2000, da tallafin cibiyar IDRC ta Kanada da taimakon fasaha daga kamfanin IT+46 na Suwidin, gidauniyar ta gina hanyar sadarwa ta al'umma mai suna ZittNet. Ta kafa turke mai tsayin mita 45, ta jawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ta rarraba wa makarantu da cibiyoyi ta iska, da wutar sola da batura. ZittNet ba ta rediyon sha'awa ba ce. Da Wi-Fi na gama-gari ta yi aiki, kuma masu amfani suna biyan kuɗi. Sai dai na'urorin da zangon da yanayin duk iri ɗaya ne, kuma abin da ya fi wahalar da ita ba manhaja ba ce. A 2008 guguwa ta kayar da turken. A Kano ma cibiyar CITAD ta daɗe tana horar da matasa kan hanyoyin sadarwa na al'umma tare da neman a yi musu tsari a doka.

Iyakar doka

Nan ne aka fi samun rashin fahimta. Hanyar sadarwar rediyon sha'awa ba hanyar samun data mai araha ba ce. Dokokin Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, sun bayyana fannin a matsayin na koyo da bincike ba tare da wata manufa ta kuɗi ba, don haka ba a sayar da sabis a kansa, ba a gudanar da kasuwanci. Sashe na 25 na dokokin ya kuma hana kulle saƙon da ke tsakanin tashoshin ƙasashe daban-daban don ɓoye ma'anarsa, kuma ƙasashe da dama sun shimfiɗa wannan ƙa'ida a cikin gida. Tun da kusan duk shafukan intanet na yau, da manhajoji irin su WhatsApp da na bankuna, a kulle suke tafiya, ba su da wuri a irin wannan hanya. Kowace tasha kuma dole ta riƙa bayyana lambar kiran mai ita. A ƙasar da ke fama da matsalar tsaro, waɗannan sharuɗɗa su ne hujjar fannin a gaban hukuma: an san mai tashar, kuma kowa na iya karanta abin da ke wucewa.

A Najeriya, Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar kula da rabon zango ta ƙasa a ƙarƙashin ministan sadarwa. Hukumar NCC ke kula da zangon kamfanonin sadarwa, NBC na gidajen rediyo da talabijin, ma'aikatar kuma na hukumomin gwamnati da masu amfani ba don kasuwanci ba, rukunin da rediyon sha'awa ya faɗa. Ƙungiyar NARS ce ke wakiltar Najeriya a ƙungiyar duniya ta IARU, wadda aka kafa a Paris ranar 18 ga Afrilu, 1925.

Akwai kuma tarkon kwaikwayo. Najeriya tana shiyya ta ɗaya a rabon ITU, tare da sauran Afirka da Turai, kuma rabonta ya bambanta da na Amurka. A wannan shiyya an ba rediyon sha'awa megahaz 2,300 zuwa 2,450 da 5,650 zuwa 5,850, amma a matsayi na biyu, wato ba shi da ikon damun mai matsayi na farko, kuma ba shi da ƙara in an dame shi. Zangon gigahaz 2.3 yana hannun kamfanonin intanet, ciki har da Bitflux da ya ci gwanjon NCC a 2014. Na gigahaz 3.5 shi aka yi gwanjonsa don 5G a Disambar 2021, inda MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowanne. Manhajar da aka tsara a Amurka tana buɗe wasu tashoshi a waɗannan yankuna ko a gefensu, kuma wanda ya kunna su a Minna don kawai ya gan su a jeri zai iya shiga gonar da aka saya da tsada. Takardar lasisi da jadawalin rabon zango na ƙasa su ne abin dubawa kafin a kunna komai.

Amfaninta

Abin da ya rage bayan waɗannan iyakoki abu biyu ne, horo da agajin gaggawa. Ɗalibin da ya auna hanya, ya hau turke ya daidaita eriya, ya gano dalilin da ya sa tasha ta yi shiru bayan ruwan dare, ya koyi aikin da kamfanonin sadarwa ke ɗaukar mutane dominsa. Ta fuskar agaji, tun 2003 dokokin ITU suka ƙarfafa wa gwamnatoci gwiwa su bar tashoshin rediyon sha'awa su shirya wa bala'o'i. Ambaliyar Mokwa ta ranar 29 ga Mayu, 2025, wadda ta hallaka fiye da mutum 150 ta kuma lalata hanyoyi, ta nuna irin ranar da sansanin agaji da asibiti da ofishin hukuma ke bukatar aika jerin sunaye da hotuna da taswira cikin sauri. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai tashoshin suna tsaye tun kafin ranar, masu su sun saba da juna, hukumomin agaji kuma sun san da su. Ragar ba ta dogara da kebul na ƙarƙashin teku ba, don haka yankewa irin ta 14 ga Maris, 2024, wadda ta raunana intanet a Afirka ta Yamma, ba ta shafar zirga-zirgar da ke cikinta.

Inda duwatsu ko nisa suka hana tashoshi ganin juna, akwai hanya ta sama. Tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar, da aka harba a Nuwambar 2018, yana ɗauke da na'urar rediyon sha'awa da ake kira QO-100. Yana tsaye a wuri guda a sama da Afirka, ana aika masa a gigahaz 2.4 ya mayar a gigahaz 10, kuma yana iske ƙasashe daga gabashin Burazil zuwa Tailan. Gudun bayanansa bai kai na ragar ƙasa ba, amma kwanon eriya irin na kallon talabijin ya isa a kama shi daga ko'ina a Najeriya.