Batir da rezo: yadda wayar ma'aikacin lafiya ke kai rahoto

A cibiyoyin lafiya na CSI da ke Maraɗi, Tibiri da Djiratawa, waya ta zama kayan aiki kamar awon zafi. Da ita ake tura adadin yaran da zazzaɓin cizon sauro ko tamowa ta kama, alƙaluman su shiga DHIS2, rumbun bayanan ma'aikatar lafiya.

Matsalar ita ce batir. Mutane na cewa 4G ce ke shanye shi, amma babban mai laifi raunin rezo ne. In waya ta yi nisa da eriyar Airtel, Moov ko Zamani, sai ta ƙara ƙarfi tana lalube, tana tsalle tsakanin 4G da 2G, ta yi zafi, caji ya zube. A ƙauyen da babu wutar NIGELEC, rahoton mako guda ke nan ya kwana a aljihu.

Dabarar ba wuya. Saƙon SMS da ƴan lambobi, 2G ta ishe su. Fom kuwa a cika shi intanet a rufe, wayar za ta ajiye. Sai an zo inda rezo ya cika a buɗe 4G, a tura gaba ɗaya cikin ƴan mintuna. Hoto da bidiyo kaɗai ke buƙatar gudu. Kuma kar a bar waya cikin rana, zafi na tsufar da batir.

Ku ƴan uwa da ke waje, in za ku aiko da waya, ku haɗo da ƙaramin faifan sola.