Masana'antar da ta koma gidan haya: tarihin sutudiyon talabijin na BBC

A daren Lahadi, 12 ga Disamba 1954, tashar talabijin ta BBC ta nuna wasan kwaikwayon da aka ciro daga littafin George Orwell mai suna Nineteen Eighty-Four. Wasan ya tayar da ƙura, har wasu 'yan majalisar dokokin Birtaniya suka yi ƙorafin cewa ya cika ban tsoro. Da lokacin maimaita shi ya yi ranar Alhamis, babu faifan da za a ɗora. Sai da 'yan wasan suka sake hallara, suka sa kayansu, suka yi shi daga farko har ƙarshe a gaban kyamarori, kai tsaye. Wannan na biyun ne aka adana a kan fim, shi ne kuma ya rage har yau.

Labarin yana nuna abin da ya haifi sutudiyon talabijin. Kyamarorin farko manya ne masu nauyi, kowacce tana jan igiyar waya mai kauri, kuma ba sa gani sai an haska fitilu masu tsananin zafi. Ba a kuma samu hanya mai sauƙi ta naɗar hoto ba. Tunda na'ura ba za ta iya zuwa wurin mutane ba, sai aka kawo mutane wurin na'ura, aka gina musu ɗaki marar taga, mai shimfiɗaɗɗen daɓe don tayoyin kyamara, da rufi mai tsawo don rataye fitilu. Gazawar na'ura ce ta tsara wannan ɗaki, kuma duk lokacin da aka magance wata gazawa, sai wani rukunin shirye-shirye ya tattara ya bar shi.

BBC ta fara watsa shirye-shirye a kai a kai ranar 2 ga Nuwamba 1936 daga Alexandra Palace, wani tsohon ginin nishaɗi a kan tudu a arewacin Landan. Ɗakuna biyu ne kacal, kowanne tsawonsa kimanin ƙafa 70, faɗinsa 30. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da aikin daga 1939 zuwa 1946. Bayan yaƙin wurin ya yi kaɗan, sai aka sayi tsohon sutudiyon fina-finai na Lime Grove a 1949. Duka biyun aro ne, an gina su don wata manufa daban.

Ginin da aka tsara musamman don talabijin shi ne Television Centre, wanda aka buɗe a unguwar White City ranar 29 ga Yuni 1960. Mai zanen ginin, Graham Dawbarn, ya fara zana shi a bayan ambulan da siffar alamar tambaya. A tsakiya akwai zagayayyen gini mai ofisoshi da ɗakunan kwalliya, sutudiyoyi sun kewaye shi, sannan ta bayansu akwai hanyar da ake bi da kayan ado daga shagon kafintoci. 'Yan wasa su shigo ta ciki, katako da fenti su shigo ta waje, su haɗu a gaban kyamara. Da dare a rushe falon da aka yi wasan barkwanci a cikinsa, kafin gari ya waye an kafa kotu ko jirgin sama a wurin. Wannan tsarin masana'anta ne, kuma haka aka gudanar da shi: naɗar shiri takan tsaya da ƙarfe goma na dare daidai, an gama ko ba a gama ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa masana'antar makaranta ce. Teloli, masu kwalliya, masu fitila, masu sauti da injiniyoyi duk ma'aikatan gida ne, suna cin abinci a kantin ɗaya. Yaro zai shigo yana jan igiyar kyamara, bayan shekaru ya zama mai riƙe ta, wani ma ya haye ɗakin sarrafawa ya zama darakta.

Kamfanin Ampex na Amurka ya fito da na'urar naɗar bidiyo a 1956, amma ba ta 'yantar da kowa nan take ba. Tef ɗin, mai faɗin inci biyu, yana da tsada, kuma tace shi sai an yanka da reza an liƙa. Saboda haka aka ci gaba da ɗaukar wasanni kamar kai tsaye ne, da kyamara huɗu ko biyar a lokaci guda. Tsadar ta jawo wata ɓarna: da an nuna shiri, sai a goge tef ɗin a naɗi wani. Ta haka gomman sassan Doctor Who na shekarun 1960 suka salwanta. Wasu sun tsira ne kawai domin BBC tana kwafar shirye-shirye a kan fim tana sayar wa tashoshin ƙetare, ciki har da na Nijeriya, inda talabijin ya fara a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962. A watan Oktoba 2013 aka sanar da gano sassa tara da suka ɓata a ma'ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Abin da Landan ta goge da gangan, ƙurar Jos ta riƙe shi shekaru da dama.

Abin da ya fara kwashe wa sutudiyo aiki shi ne ƙanƙancewar kyamara. Da Sony ta fito da Betacam a 1982, mutum ɗaya na iya saɓa kyamara da na'urar naɗa a kafaɗa. Tace hoto ya yi sauƙi, daga baya ya koma kan kwamfuta. Daraktoci suka gwammace su ɗauki wasa a gida na gaske da titi na gaske, da kyamara ɗaya, kamar fim. Kafin tsakiyar shekarun 1990, manyan wasannin kwaikwayo sun kusa ƙaurace wa Television Centre baki ɗaya.

Sai dai ba na'ura kaɗai ta yi wannan aiki ba, da hannun siyasa da lissafin kuɗi. Dokar watsa labarai ta 1990 ta wajabta wa BBC sayen kashi 25 cikin ɗari na shirye-shiryenta daga kamfanoni masu zaman kansu. A 1993, ƙarƙashin John Birt, aka shigo da tsarin da ya sa kowane furodusa ya biya kuɗin sutudiyo daga kasafinsa, tare da 'yancin neman mai rahusa a waje. Masu goyon bayan tsarin sun ce ya fallasa almubazzaranci, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma da aka sa wa kowane ɗaki da kowane tela farashi, sassan ƙira da ɗinki da kwalliya suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, ma'aikatansu suka koma 'yan kwangila. An ƙididdige kuɗin ɗaki, ba a ƙididdige horon da yaro ke samu a cikinsa ba, domin wannan ba ya fitowa a takardar kasafi.

Abin da ya rage wa sutudiyo shi ne abin da ya fara da shi: labarai, hira, gasa da raye-raye, wato shirye-shiryen da ke bukatar 'yan kallo a zaune ko fita kai tsaye. Ko su ɗin ma, annobar korona ta 2020 ta nuna cewa mai gabatarwa na iya aiki daga falonsa. A ɗaya gefen kuma, shirye-shirye masu kuɗi kamar The Mandalorian na 2019 sun koma cikin ɗaki, inda bangon allunan lantarki ke nuna hamada ko sararin samaniya a madadin aikin kafinta.

An rufe Lime Grove a 1991, aka rushe shi aka gina gidaje. Television Centre ya tsira da rabin ransa, domin an sa wasu sassansa cikin gine-ginen tarihi a 2009. BBC ta sayar da shi a 2012 kan kusan fam miliyan 200, ta kwashe kayanta a watan Maris 2013. Zagayayyen ginin ya zama gidajen kwana masu tsada, an ƙara otal da wuraren cin abinci. Daga cikin manyan sutudiyoyi takwas, uku aka bari, aka sake buɗe su a 2017 a hannun wani reshen kasuwanci na BBC mai ba da haya ga duk wanda ya biya. A 2018 suka samu babban ɗan haya: ITV, tsohuwar kishiyar BBC, wadda ta rufe nata sutudiyon na bakin kogin Thames ta kawo shirye-shiryenta na safe cikin ginin.